Ranar da Kwanon Lawal Ya Dawo Cike

Aikin nan wuya gare shi, kuma babu wanda ya taɓa yarda. Ku samarin da kuka fito kwalejin horon malamai da takarda a hannu, in kun gan ni zaune a zauren mutane da 'yan yara kewaye da ni, sai ku ce mutumin nan ya samu wurin hutawa. Wani cikinku har ce mani ya yi, "Baba, ai koyar da yara a gida wasa ne, ba hedimasta, ba sufeto." Gaskiya ne, babu hedimasta. Amma in yaro ya fasa goshi a makarantarku, sai a ce makaranta. In ya fasa a hannuna, ni ne, ni kaɗai, kuma ubansa na bayan katanga yana jin kukan.

Sunana Garba, mutumin Sabuwa. A aji huɗu na tsaya, shekarar da mahaifina ya rasu, shi ya sa har yau a wasu ƙauyuka Malam Aji Huɗu suke ce mani. Ban damu ba. Dakon auduga nake yi a Faskari lokacin da wani tsoho, Malam Ɗanjuma, ya gan ni ina karanta wa 'yan dako rubutun jikin mota. Shi ajin yaƙi da jahilci ya koyar a da, daga baya ya koma bin gidaje yana koya wa 'ya'yan mutanen da ba su son kai yara makaranta. Ya ce in biyo shi.

Aikin farko da ya ba ni tankaɗe yashi ne. Kullum da safe in tankaɗe, in shimfiɗa a daɓen zaure, in shafe da tafin hannu, yara su yi rubutu da yatsa, in sake shafewa. Bai bar ni na buɗe baki gaban yaro ba sai da damina ta zo ta wuce. In na yi ƙorafi ya ce, "Kalle su dai. Wancan yunwa yake ji, wancan fitsari ya matse shi yana tsoron faɗa. Ka gani ko ba ka gani ba?" Ban gani ba. Wata rana ya ce mani, "Garba, kafin ka koya wa yaro harafi ka san gidan. Wane ne ɗan fari, wane ne mai sunan kaka, wa aka yaye jiya." Na ce to. Na ɗauka surutun tsofaffi ne.

Kayan aiki kuwa da hannunka za ka yi su. Baƙin allo murfin akwatin sabulu ne. Ka nemo matattun batiran rediyo, ka fasa, ka kwashe baƙin cikin, ka dama da ruwan ƙaro ka shafe katakon, ka bar shi a inuwa. In ka sa a rana ɓarewa zai yi. Takarda, buhun siminti. Shekarun da kuɗin mai ya shigo ko'ina gini ake, buhuna na yawo a titi. Ka ɓare na waje da na ciki ka yar, na tsakiya tsaf yake, ka yanka ka ɗinke da zaren buhu. Lissafi da 'ya'yan tsamiya muka fara, daga baya marafan lemon kwalba suka yawaita muka koma kansu, sai dai su ƙanana na sa su a baki, dole idonka na kansu. Alli kuma farar ƙasar Ƙanƙara ce. Ka jiƙa, ka tace da tsumma saboda tsakuwa, ka ɗiga ƙaro kaɗan, ka murza a tafin hannu kamar yatsa. In ƙaro ya yi yawa ba ya kama allo, in ya yi kaɗan ya marmashe a hannun yaro, yaron ya fara kuka yana zaton shi ya ɓata.

Masu gida iri-iri ne. Wani ɗan kwangila a Faskari ya ɗauke ni ya ce yana son ɗansa ya yi Turanci kafin babbar salla, don zai yi baƙi. Yaron ko hancinsa bai iya sharewa ba. Da salla ta zo ya tsayar da shi gaban baƙin, yaron ya kalle su ya saki fitsari. Ranar na bar gidan.

Muguwar shekarata ita ce wadda aka buɗe makarantun kyauta a ko'ina. Gidaje suka sallame ni ɗaya bayan ɗaya. Sai ga ƙyanda ta biyo baya, waɗanda suka rage suka rufe ƙofa, don cewa ake mai bin gidaje shi ke ɗauko ciwo a rigarsa. A Mabai wata tsohuwa da ta binne jikanta ta hango ni da allo a hammata, ta ɗaga muciya ta nuna mani hanya. Na ajiye allo na koma sauke siminti a tashar Ƙanƙara har bayana ya lalace.

A tashar ne Alhaji Isiyaku ya same ni. Mai fataucin shanu ne, gidansu na wani ƙauye tsakanin Ƙanƙara da Ƙetare, shi da ƙannensa cikin katanga ɗaya. Ya kai ni ƙofar gidan ya nuna mani sabon titin kwalta da ya bi ta gabas da gari.

"Ka ga titin can? Makaranta na ƙetarensa. Ɗan maƙwabcina tifa ta take shi da jakarsa a wuya. Ɗiyan gidan nan ba za su tsallaka shi ba. Koya masu su karanta katin asibiti, su san lissafi kada a cuce su a kasuwa. Amma yadda na ba ka su da safe, Malam, haka nake son su da yamma."

Na ce Allah shi yarda.

Ranar farko na jera yaran a zaure, nasa da na ƙannensa, na ɗaga yatsa zan ƙirga. Sai na ji sanda ta sauka a gwiwar hannuna. Mahaifiyar Alhaji ce, kowa Kaka yake ce mata, tsohuwa 'yar firit mai baki kamar reza.

"Kai, Aji Huɗu! Awaki ka gani? A gidan nan ba a ƙirga ɗiya. Ka ƙirga su yau, gobe a rasa ɗaya, ka ce mi?"

Tun daga ranar ban ƙara ba. Da ido nake duba su.

Babba a cikinsu Lawal ne, ɗan farin Alhaji, bai wuce shekara bakwai ba. Ku yanzu kuna kiran ɗan fari da sunansa, har ku ɗora shi a wuya ku shiga kasuwa. A gidan Alhaji Isiyaku ba haka ba ne. Ban taɓa jin sunan Lawal a bakin ubansa ba. In ya shigo zaure zai shafa kan kowa, ya tsokani wannan, ya ba wancan alewa, ya wuce Lawal kamar turmi ne a wurin. Uwar ma haka aka ce mani, ba ta kiransa, ba ta tambayarsa gaban mutane. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma kowa a garin zai zarge su in suka yi akasin haka. Yaron ma ba a gidan yake kwana ba. Tun yaye yake wurin Kaka, a ɗakinta da ke bakin gari. Ita kaɗai ke kiransa yadda ta so. "Lawali mijina, malalaci, yau ma ba cefane?"

Uwar ban taɓa ganin fuskarta ba, tana cikin kulle. Da kwanuka na san ta. Bayan azahar abincina zai fito zaure cikin babban kwano mai murfi. Na Lawal kuma ƙanwarsa Binta, 'yar shekara huɗu, ita ke ɗauka a ka ta kai ɗakin Kaka, cikin wani ƙaramin kwano shuɗi mai ɓantararren baki. Na lura ba a taɓa cika kwanon wani yaro kamar yadda ake danna wannan ba.

Karatun Lawal ya ba ni wuya. Binta rera haruffa take kamar waƙa, ba ta san ko ɗaya ba, amma ba ta jin kunyar kuskure. Shi kuwa in bai tabbata ba ba zai ɗaga yatsa ba. Sai ya zauna yana kallon yashi har a tashi. Na gane a zaure ba zai buɗe ba, don ubansa na iya shigowa kowane lokaci. Shi ya sa na fara fita da su. Alhaji ya yarda, da sharaɗin yamma da gari kaɗai, ba wajen titi ba.

Mun je maƙera, suka ƙirga fartanya, maƙerin ya bar kowa ya taɓa zugazugi. Mun je rijiya muka auna igiyar guga da kamu, muka ga kamun Binta da nawa ba ɗaya ba ne, suka yi ta gardama a kan wa ke da gaskiya. Ranar kasuwa mun zauna nesa da motoci ina nuna masu manyan haruffan jikin buhun taki. A bakin rijiyar nan ne Lawal ya fara zana harafi a laka ba tare da na ce ya yi ba. Kafin ƙarshen bazara ya iya rubuta sunansa, sai dai harafin farko kullum baya yake juya mashi. Ba wanda zai yaba mashi a gida, sai ni da Kaka, ita kuma yabonta shi ne, "To, sai a rubuta mani takardar saki."

Allinmu ya ƙare a farkon damina. Na ce gobe za mu je inda ake haƙar farar ƙasa, kowa ya ɗebo nasa ya yi allinsa da hannunsa. Wurin na yamma da gari, tafiyar hantsi ce ga ƙafar yaro. A da mata ke kankaro ta a sama-sama don shafen ɗaki. Da motoci suka fara zuwa saye, maza suka shiga haƙa da gaske, ramuka suka yi zurfi, in wannan ya ƙare a bar shi a buɗe a koma gaba. Ranar da muka je babu mahaƙi ko ɗaya, an yi ruwan shuka, kowa na gona.

Ban bar su sun matsa kusa da ramukan ba. A tarin da aka zube gefe muka tsaya. Na nuna masu yadda ake gane mai kyau, ka goga a bayan hannu, in ta yi santsi ba ƙaiƙayi ita ce. Kafin a jima sun shafe juna da ita, fuska da kai da riga, suna ihu wai su aljanu ne. Lawal ya zo ya nuna mani wani dunƙule, na ce akwai tsakuwa a ciki, ya nemi wanda ya fi shi. Ya ce to.

Wajen azahar gabas ta fara haɗa baƙi. Sai ga Haruna, direban da ke kawo wa Alhaji yashin sabon gininsa, ya biyo ta hanyar daji da tifa.

"Malam Aji Huɗu! Kai da fatalwowinka za ku sha duka wurin ruwan can. Ku hau in sauke ku."

Na ɗaga ƙanana na sa su gaba, manya suka dare baya da kansu. Na taka taya na leƙa. Kawuna fari fat, fuskoki fari fat, duk kamarsu ɗaya, suna tsalle suna dariya. Haruna na ta matsa hon. Muka tafi. A bakin gari ya tsaya daidai ɗakin Kaka, suka diddiro suka watse da gudu kowa zai je ya tsorata uwarsa. Lawal dama a nan yake rabuwa da mu kullum. Haruna ya juya ya nufi Ƙanƙara.

Hadarin ya tsaya bai sauko ba. Na yi salla, abincina ya fito, na ci, na jiƙa farar ƙasa a tsohuwar ƙwarya, na zauna ina tacewa.

Ana gab da kiran la'asar Binta ta shigo zaure da kwano a ka. Ta sauke shi a gabana, daidai ƙafata.

"Inna ta ce in kawo maka."

"Ai na ci, Binta. Ki ce na gode."

"Ta ce in ajiye dai."

Na duba. Shuɗi ne, mai ɓantararren baki. Na ɗaga faifan da aka rufe shi da shi, dambu ne an danna shi har sama, ko yatsa ba a sa ba, ya huce.

"Wannan ai na Lawal ne. Mi ya hana ki kai mashi?"

"Na kai. Kaka ta ce yana wurinka. Na maido. Inna ta ce in koma. Na koma, Kaka ta ce in bar damunta. Sai Inna ta daɗe tana kallon kwanon, ta ce in kawo maka."

"Ba ta ce komai ba?"

"Matan su Baba ƙarami na wurin," in ji Binta.

Ƙwaryar ta kife daga cinyata. Ban tsaya neman takalmi ba.

Alhaji na ƙofar gida a kan tabarma, shi da ƙannensa da wasu baƙi biyu masu sayen shanu. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Alhaji, Lawal bai dawo ba. Ina jin yana wurin ramuka." Ban rage murya sosai ba, kowa ya ji. Alhaji bai dube ni ba. Ya ƙarasa maganar da yake yi da baƙon a kan wani bijimi, har ƙarshenta. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Ku yi mani haƙuri, akwai wata saniya da ta ɓace mani yamma da gari. Malam, zo ka raka ni."

Yana da sabon babur. Sai da ya yi ta laluben ramin makulli, hannun na kaucewa, har ƙaninsa ya taso ya sa mashi. Ƙanin ya ce za su biyo mu a ƙafa da igiya. Tun daga gari har wurin ramukan ina bayan Alhaji ina jin yadda haƙarƙarinsa ke bugawa ta cikin riga.

Da muka isa gabas ta zama baƙi ƙirin, iska ta taso. In ba ku taɓa ganin wurin ba, ba fili ba ne mai rami ɗaya. Ramuka ne birjik, wasu ciyawa ta rufe bakinsu, wasu sun yi kwana ta ƙasa kamar gidan gara. Bangon farar ƙasa in ya sha ruwa santsi yake kamar sabulu, sannan ya zube. Duk ruwan tudun nan kuma cikinsu yake gangarawa. Wanda ke ƙasa in aka yi ruwa mai ƙarfi, ba sai an yi maganar fito da shi da rai ba.

Na fara daga tarin da muka tsaya. Ina gudu daga rami zuwa rami, in kwanta a baki in leƙa, in ƙwala, "Lawal! Lawal!" Iska na kwashe muryar tana maido mani da ƙura a baki. Wani ramin in ga fari a ƙasa in ce shi ne, ashe dunƙule ne. Wani in jefa tsakuwa in ji ta faɗa ruwa. Alhaji na biye da ni, yana leƙa duk wanda na leƙa, bakinsa a rufe. Na yi ta kira har muryata ta dushe, ta koma kamar ta ɗan tsako. Na buɗe baki, iska kawai ke fita.

Ɗigon farko ya faɗo mani a wuya, mai kauri.

Na juya na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi ba. Da ragowar muryar na ce, "Alhaji, don girman Allah kira shi. Babu kowa a nan, daga ni sai kai. Ba wanda zai ji."

Ya dube ni. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Mutumin nan in ya yi tsawa a kara, wurin cinikin shanu, ana jinsa daga wancan ƙarshen kasuwa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, sunan ya zo ya tsaya, ya ƙi fita. Sai ya juya wa iska baya, ya haɗa tafukansa a baki, ya saki wata murya da ta sa tsuntsaye tashi daga ƙaya.

"Binta! Ke Binta!"

Muka saurara. Iska. Ya ƙara.

"Bintaaa!"

Can daga hagu, wajen wata tsohuwar bishiyar geza, kamar daga cikin tulu, muka ji, "Ba ta nan, Baba! Tana gida!"

Ramin ƙarami ne a baki, ciyawa ta lulluɓe shi, gefe ɗaya ya zube sabo. Zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Lawal na zaune a ƙasa, fari fat, ya miƙe ƙafa ɗaya. Masu igiya ba su iso ba, ruwan kuma ya fara da gaske. Alhaji ya warware rawaninsa, ya naɗe bakin a hannu, ya kafa dugadugansa a gindin gezar. Na kama ɗayan bakin na sauka. Bangon na marmashewa a ƙarƙashin yatsun ƙafata, ruwa na gangarowa ta bayan wuyana, ina jin rawanin na ƙara kamar zai yage.

Da na dira ruwa ya riga ya rufe idon sawu. Ƙafarsa ta kumbura. Ya cusa wani ƙaton dunƙule a cikin riga ya rungume.

"Malam, wannan babu tsakuwa. Na goga."

"Yar da shi."

"A'a."

Ban tsaya gardama ba. Ina ɗaura mashi rawanin a ƙarƙashin hammata na ga bangon. Da wani guntun gawayi da ya tsinto a maƙera ya rubuta sunansa, ya sake, ya sake, iya inda hannunsa ya kai daga zaune. Na sama-sama harafin farko na kallon baya. Na ƙasa ya daidaita. Ruwa na wanke su ina kallo.

Na ɗaga shi a kafaɗa na tura, Alhaji ya ja. Da aka sake jefo mani rawanin ya jiƙe ya yi santsi, na hau na zamo, na hau na zamo, wani ɓangaren bango ya faɗo mani a baya. Ban san yadda na fito ba, na dai ji hannu ya damƙi wuyan rigata ya fizge ni kamar ɗan maraƙi. Ban gama miƙewa ba gefen da na taka ya rufta ciki gaba ɗaya.

Yaron na zaune a laka haƙoransa na kaɗawa. Alhaji ya tsaya ya ba shi baya, yana kallon gabas. Sai ya cire babbar rigarsa ya miƙo mani ta gefe.

"Malam, rigar nan ta yi mani nauyi. Riƙe mani."

Na naɗe yaron da ita. A kan babur na sa shi tsakiya. Ban ce mashi ya riƙe ubansa ba, bai riƙe ba. Amma duk inda hanya ta yi rami sai in ga Alhaji ya rage gudu kamar mai ɗauke da ƙwai. Mun haɗu da masu igiya a rabin hanya, ya ce masu, "An ga saniyar," suka ce alhamdu lillahi, suka juya.

A ɗakin Kaka muka sauke shi ana kiran magariba. Ta taɓa ƙafar ta ce targaɗe ne, ta aika a kira mai ɗori. Sannan ta dube shi ta ce, "Ka so ka bar ni da takaba, ko? Mugun miji." Ta juyo kaina, na jira sanda. Sai ta ce, "Kai kuma, daga yau in za ku fita ka biyo ta nan, in kun dawo ka biyo ta nan. Ni zan kira su ɗaya ɗaya da bakina. Ba ƙirga ba ce, kira ne." Haka muka yi har na bar gidan, kuma duk gidan da na shiga bayan nan sai na fara neman tsohuwar da bakinta ke iya faɗin sunan kowa.

Alhaji bai sallame ni ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Da na koma zaure kwanon na nan inda Binta ta ajiye. Uwar ta ji labari a bakin yara, amma ba ta gan shi ba. Ba za ta fita zuwa ɗakin surukarta don duba ɗan fari ba, ba kuma wanda zai kawo mata shi.

Da safe na juye dambun wa kaji, na wanke kwanon da toka. Na je ɗakin Kaka na goyo Lawal, da ɗaurin karan dawa a ƙafarsa da dunƙulensa a hannu. Na sauke shi a ƙofar da ke shiga cikin gida, inda iyakata take, na ba shi sandar Kaka, na karɓi dunƙulen na sa mashi kwanon a hannu.

"Kai wa innarka kwanonta. Da hannunka. Kada ka ba Binta."

Ya shiga yana ɗingishi. Na zauna na tankaɗe yashi, na shimfiɗa, na shafe. Sauran yara suka taru, na ba su marafan kwalba. Ban ji motsin komai daga ciki ba. Sai da rana ta hau katanga ya fito. An wanke shi tas, har bayan kunne, an shafe ƙujewar gwiwarsa da man kaɗe, kwanon cike da kunu mai zafi.

"Mi ta ce?"

"Ba ta ce komai ba." Ya zauna a hankali ya miƙe ƙafar. "Ta ce dai in faɗa maka Binta har yanzu ba ta san harafi ko ɗaya ba."

Na ce to, a faɗa mata za a duba. Na fasa dunƙulen nasa na jiƙa a ƙwarya. Babu tsakuwa ko ɗaya.